Yadda Ake Kimanta Haɗarin Ambaliyar Rafi Kafin Shata Filayen Gini: Mazaɓar Masanawa da Kewayenta

Masanawa mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kabo, wadda ke maƙwabtaka da Gwarzo a yammacin Jihar Kano. Rafuka da ƙoramun wannan yanki suna gangarawa ne zuwa Kogin Challawa, kuma a kan wasunsu aka gina madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada. Yawancinsu sukan ƙafe da rani, abin da kan yaudari mai neman fuloti ya ɗauka cewa gaɓar rafi wurin zama ce. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa jama'a da masu riƙe da sarautu da ma'aikatan ƙananan hukumomi yadda ake gane iyakar ruwa tun kafin a kafa tubali.

Abubuwan da ake aunawa

Na farko shi ne faɗin ƙasar da ke zuba ruwanta cikin rafin. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Don haka idan aka sheƙa milimita 50 cikin dare guda a kan murabba'in kilomita 1, lita miliyan 50 ke nan ta sauka. Jigawa takan shanye kaso mai yawa, amma laka da ƙasar da marka ta riga ta ƙosar a watan Agusta sukan sako mafi yawansa.

Na biyu shi ne abin da rafin zai iya ɗauka. Ana auna faɗinsa da zurfinsa, sannan a jefa kara a lura da nisan da ya yi cikin daƙiƙa guda. Alal misali, rafi mai faɗin mita 10 da zurfin mita 1 da rabi, wanda ruwansa ke gudun mita 2 a daƙiƙa, yana wuce da kimanin lita 30,000 a kowace daƙiƙa. Duk abin da ya haura haka fadama da gidaje zai nufa. Kwalbatin da yashi ko shara suka toshe yana rage wannan adadi ƙwarai.

Na uku shi ne tarihi. Ƙananan rafuka ba safai ake samun ma'aunin ruwa a kansu ba, don haka shaidar dattawa da masu unguwanni babbar hujja ce: inda ruwa ya tsaya a 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle cikin watan Agusta, da kuma a 2012 da 2022 lokacin da ambaliya ta game jihohi da dama. Safiyo zai auna tsayin waɗannan wurare ya sa su a taswira.

Ma'anar "ambaliyar shekara ɗari"

Injiniyoyi a ƙasashe da yawa, musamman Amurka, suna shata iyaka da abin da suke kira ambaliyar shekara ɗari. Wannan ba ya nufin sai an shekara ɗari kafin ta dawo. Ma'anarsa ita ce a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku. Gidan da ya shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kusan kashi 26 cikin 100 na ganinta. Wurin da yiwuwarsa ta kai kashi 10 cikin 100 a shekara kuwa, cikin shekara 10 kacal haɗarinsa ya kai kimanin kashi 65. Ginin ƙasa ba ya jure ko da kwana guda cikin ruwa ba tare da gindinsa ya jiƙe ya raunana ba.

Wanda alhakin ya rataya a wuyansa

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallakar fili bisa al'ada a yankunan da ba birni ba. Ke nan sashen filaye na ƙaramar hukuma, tare da hakimi da dagaci, su ne ke da damar hana yanka fuloti a hanyar ruwa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma na fitar da na ambaliya. Sanin abin da ƙoramar ƙauye za ta yi yana hannun mutanen wurin.

Muna shawartar kowace unguwa ta kafa turke a gaɓar rafi, ta yi masa zane a inda ruwa ya kai kowace damina, a rubuta ranar a ajiye wurin mai unguwa. Ƙasar da ke ƙarƙashin zane mafi tsayi a bar ta ga noman fadama da kiwo. Gidaje da rumbuna da makarantu kuwa a kai su kan tudu. Idan ruwa ya yi ɓarna, a sanar da ƙaramar hukuma da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha ba tare da ɓata lokaci ba.