Tarihin Mahaɗar Hanya a Kano, Daga Ƙofar Gari Zuwa Gadar Hotoro

Tarihin baka ya nuna cewa mutanen da suka fara zama a gindin Dutsen Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, su ne ake kira Abagayawa. Da ƙafa suka zo. Wanda ya taso daga Gaya a yau kuwa mota yake shiga, ya ƙetare gadar Wudil, ya wuce kasuwar goro ta Mariri, sa'an nan ya iso mahaɗar Hotoro, inda Titin Maiduguri ya gamu da hanyar da ta kewaye birni ta gabas. Tsakanin waccan tafiya da wannan an sake fasalin mahaɗar hanya a Kano sau da dama, kuma a kowane karo rabon mai tafiya a ƙasa raguwa yake yi.

Mahaɗar hanya ta farko a Kano ita ce ƙofar gari. Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Hanyoyin fatake duka a ƙofofi suke tattaruwa, kuma da gangan aka tsuke ƙofofin nan saboda tsaro, kowace da Sarkin Ƙofa mai lura da shiga da fita. Babu shakka akan yi cunkoso, musamman ma idan ayari ya iso, amma raƙumi da jaki da mai tallan nono duk tafiyarsu ɗaya ce. Abin da cunkoso yake ci a wancan zamani lokaci ne kawai.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, motocin ɗaukar gyaɗa suka biyo baya. Aka shimfiɗa tituna masu faɗi a wajen ganuwa, aka kawo shatale-tale da ɗan sanda mai ba da hannu. Tsarin raya birni na shekara ashirin (1963–1983) wanda Trevallion ya rubuta ya zo ne a daidai lokacin da mota take zama ma'aunin ci gaba. Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, har ya zamana mai ƙetare titi sai da ya sake koyon gefen da zai fara dubawa. Kuɗin man fetur suka ƙara yawan motoci, haɗura suka yawaita, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988.

Daga nan sai maganin cunkoso ya zama guda ɗaya, watau a ƙara wa mota fili. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. A 2012 aka kafa KAROTA, a watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa, a-daidaita-sahu ta maye gurbinta. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina gadar sama a Ƙofar Nassarawa da hanyar ƙarƙashin ƙasa a Kabuga. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mai da shatale-talen Dangi gada mai hawa-hawa, ta yi haka nan a Hotoro, aikin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023.

Lalle waɗannan ayyuka sun sauƙaƙa wa direbobi, amma akwai abin lura a cikin yadda suke aiki. Shatale-tale yakan tilasta wa direba ya taka burki, danja kuwa takan tsai da shi ɗungum, kuma a cikin wannan ɗan jinkiri ne ɗalibi da tsohuwa suke samun kafar ƙetarewa. Gadar sama an gina ta ne domin kawar da jinkirin, saboda haka motar da ta sauko daga kanta da gudu take saukowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Ta kuma nuna cewa idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar wanda ta buge yakan ninka sau huɗu da rabi.

An gina gadojin masu tafiya a ƙasa a wasu manyan titunan Kano, an kuma kafa shingen ƙarfe a tsakiyar titi, duk da haka jama'a da yawa ta ƙasa suke bi. Akan ce taurin kai ne. Amma mace mai ciki, da gurgu, da mai tura kura, da dattijo mai ciwon gwiwa, ba za su iya hawa matakala masu yawa ba, wanda zai iya kuwa ba ya son a kai shi nesa da inda buƙatarsa take.

Dabarun da suke rage wannan haɗari sanannu ne ga masana tsara birane: tudun rage gudu kafin mahaɗa, da wurin tsayawa a tsakiyar titi domin a ƙetare shi rabi-rabi, da danja mai ware wa masu ƙafa lokacinsu, da fitila da dare, da keɓe wurin sauke fasinja. Kowace daga cikinsu takan jinkirta direba 'yan daƙiƙoƙi, kuma a nan gardamar take. Jami'in da zai zana mahaɗa yakan fara ne da ƙirga motocin da suke wucewa, ya kamata ya ƙirga masu ƙetarewa ma a takarda ɗaya, kafin a sa hannu a kwangila. Mutumin Gaya da ya zo Kano a mota, da zarar ya sauka a Hotoro da buhunsa a ka, shi ma ya shiga cikin wannan lissafi.