Lafiyar Toga da Sharaɗin da Ba a Gindaya Ba

Ƙasar nan da ta shimfiɗu daga Jabo zuwa Tambuwal, ta gangara kudu har Kebbe, wadda a yau manoma da makiyaya da 'yan kasuwa suke kai da kawowa a cikinta ba mai tambayar ko an rufe ƙofar gari, a ƙarni na 19 bakin daga ce, domin kuwa tana maƙwabtaka da Gwandu, tana tsare wa Sakkwato kudu maso yamma, alhali kuwa Kabawa na nan kusa, tafiyar da ba ta gagari mahayin kirki a yini guda ba. Dalilin da ya sa ke nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, watau mazaunin da mutanensa ke noma da damina, su kwana da shirin yaƙi da rani. Saboda haka duk wata amana da aka ƙulla tsakanin Daular Usmaniyya da Kabi, mutanen wannan yanki ne farkon masu shan daɗinta, su ne kuma farkon masu ɗanɗana ɗacin warwarewarta.

Asalin al'amarin sananne ne, ba sai mun tsawaita ba. An ci Birnin Kabi a 1805, aka kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka riƙe ɗansa Yakubu Nabame a Sakkwato shekara da shekaru, har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince masa ya sake shi. Shi kuwa da ya koma gida sai ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga nan aka shiga wani irin yaƙi wanda ba mai cin riba a cikinsa sai ungulu: Nabame ya faɗi a 1854, magajinsa Yusufu Mainasara ya faɗi a 1859, Sarkin Gwandu Haliru kuma Kabawa suka kashe shi a 1860. A cikin shekara shida sarakuna uku sun kwanta a fagen fama, Argungu, mazaunin Sarkin Kabi, ba ta ciwu ba, Gwandu ba ta kau ba.

A kan wannan hali Ahmadu Rufa'i ya hau gadon sarautar Musulmi a 1867, dattijo, ɗan Shehu na cikinsa, wanda ya yi zaman ribaɗi a Silame ya ga ɓarnar Kabawa da idonsa, kuma la'alla wannan gani ne ya sa ya fi waɗanda suka gabace shi sanin cewa abin da takobi ya kasa cikin shekara 18 ba zai iya shi a ta 19 ba. Aka yi sulhu da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, sulhun da har yau ake kira Lafiyar Toga, bisa sharuɗɗa uku da tarihi ya kiyaye mana: cewa Kabi ta zauna da 'yancinta ba mai neman ta da mubaya'a ko gaisuwa, cewa kowane gari da ke hannun Argungu a ranar sulhun ya tabbata nata, da cewa wanda aka kama a yaƙi ya zauna hannun wanda ya kama shi.

Malaman Sakkwato ba baƙin wannan babi ba ne. A Muhtasar na Halilu, littafin da alƙalansu ke hukunci da shi, an halatta wa shugaba ya yi muhadana, watau sulhu da abokan gaba, idan akwai maslaha, an so kada wa'adinta ya wuce wata huɗu ko da yake ba a iyakance ba, an wajabta cika alkawari, an kuma ce idan shugaba ya hangi ha'inci to ya mayar musu da amanarsu a fili ya yi musu gargaɗi kafin ya ɗaura yaƙi. Amma a nan ne kuma aka hana karɓar sharaɗi ɓatacce, kamar barin Musulmi kamamme a hannun abokan gaba, sai fa idan akwai tsoron abin da ya fi wannan muni. To, mai karatu ya sake duban sharaɗi na uku. Mutumin da aka sace wa ɗiya a gona, ko aka kama wa ƙane a bayan ganuwa, ranar da aka yi shelar lafiya ita ce ranar da aka yanke masa tsammani. Kuma yardar da zuriyar Shehu suka yi da wannan, su da suka yi jihadi suna kukan bautar da 'ya'yan Musulmi, ta ishe mu shaida a kan iyakar gajiyar da ɓangarorin biyu suka yi.

Sai dai abin da nake son a lura da shi ya fi wannan ɓoyuwa. Sharuɗɗan nan uku dukkansu na rabo ne, kowanne yana faɗin abin da wane zai riƙe da abin da wane zai haƙura da shi, babu ko ɗaya da ke faɗin abin da ɓangarorin za su yi tare in wata matsala ta taso gobe. Ba a ce ga wanda zai ɗauki lamunin talakawansa da mabiyansa in sun yi ta'adi ba. Ba a ce ga inda manzanni za su haɗu, ko ga alƙalin da za a kai wa ƙara, ko ga wa'adin da za a ba mai laifi ya mayar da dukiya kafin a ce amana ta warware ba. Alhali kuwa kowane ɓangare taron masu iko ne, ba mutum guda ba. A nan ga Sakkwato ga Gwandu, waɗanda tun rabon da Shehu ya yi a 1812 kowacce ke da nata yanki da nata sarakunan yaƙi, ga kuma masu ribaɗi irin na Tambuwal da ke da dawakinsu. A can ga Argungu, ga Arewa da Zabarma da Dandi, abokan taimakon juna waɗanda Sarkin Kabi ke jagoranta amma ba ya iya juya su yadda ya so. Ga kuma Fulani makiyaya, da tilas su gangara fadamun gulbin Kabi da rani ko wane ne ke mulkin gaɓar.

Ta wannan kafa ɓarakar ta shigo. A 1875 mutanen Fanna, can ƙasa a kwarin gulbin, suka kame shanun Fulani waɗanda masu tarihi suka ƙiyasta 10,000, aka nemi a mayar ba a mayar ba, yaƙi ya dawo. Toga bai fito da runduna ya ce ya warware amana ba, Sarkin Musulmi ma bai yi haka ba. Wasu ne can gefe suka yi aika-aika, kuma da yake babu wata hanya da aka shata tun farko ta bin haƙƙi, sai ya zama ba abin da ya rage wa wanda aka zalunta illa sirdi da mashi. Ɗalibin sira zai tuna cewa sulhun Hudaibiyya, wanda aka ƙulla a shekara ta 6 bayan hijira bisa wa'adin shekara 10, shi ma ta hannun abokan ƙawance ya warware, sa'ad da Banu Bakar suka auka wa Huza'a da taimakon wasu Ƙuraishawa. Ban kawo wannan don in daidaita mutanen da mutanen ba, Allah ya kiyaye, sai don a ga cewa mu'ahada ta fi karyewa a wurin mabiya bisa ga wurin shugabannin da suka ƙulla ta.

Duk da haka kada a raina shekara takwas ɗin nan. Yaron da aka haifa a Jabo a shekarar sulhun ya isa kiwon awaki da zuwa makarantar allo kafin a sake jin gangar yaƙi, kuma a tarihin wannan iyaka, daga tawayen Nabame har zuwan Turawa, ba a sake samun hutu mai tsawon wannan ba. Abin da ya biyo baya ya fi na da tsanani, musamman bayan da Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya gaji Toga a 1883, ya addabi garuruwan Gwandu da na yammacin Sakkwato da hari, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai masa yaƙi har Argungu a farkon sarautarsa ya komo bai ci ba. Ba a sake zama aka gyara sharuɗɗan ba har Ingilishi suka iso suka sami Argungu a shirye take ta karɓe su, suka ci Sakkwato a 1903, suka shata iyakokin lardi da na gundumomi da alƙalaminsu, suka mai da rigimar shanu da ta gona abin da ake kai wa gaban alƙali da Razdan. Sarkin Musulmi kuwa bai taka Argungu da sunan zumunci ba sai a 1934, sa'ad da Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka shirya masa su a gulbi, wanda daga gare shi bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali.