"Ya Aiko Kuwa?"

'Yan uwana mata, akwai tambayar da babu gidan da ba a yin ta a ƙasarmu ta Sara, har Gwaram da Birnin Kudu, da zarar an gama kaka maza sun watse: "Ya aiko kuwa?" Uwar miji ta yi ta, maƙwabciya ta yi ta, mai bin bashi ma ya yi ta. Ni dai ina so mu san cewa tambayar nan ta girmi iyayenmu.

Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu ke zuwa Gwanja sayen goro, su yi wata da watanni. Amma cin rani irin wanda muka sani ya yi ƙarfi ne bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, suka matsa a biya haraji da tsabar kuɗi. Dawa a rumbu ba ta biyan haraji, dole magidanci ya fita nema. Wasu suka nufi Jos haƙar kuza, wasu Kumasi da Ikko, wasu kuma suka kama hanyar Makka a ƙasa, suna yada zango a Sudan suna aikin auduga a Jazira don su tara guzuri.

A lokacin, saƙo a hannu yake zuwa. A ƙulle 'yan sulalla a tsumma, a ba ɗan gari mai komawa gida. Daga baya sai direban mota a tasha, da wasiƙar da sai an nemo ɗan makaranta ya karanta wa matar gida, shi ke nan sirrinta ya fita. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kano, amma tafiya ba ta tsaya ba, don ciki bai san an soke komai ba. Yau kuwa waya ce za ta yi ƙara, a aiki yaro wurin mai POS.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko da kusan dala biliyan 20. A ƙasar Gambiya, irin wannan kuɗi ya haura kashi 20 cikin 100 na arzikin ƙasar. To amma wannan lissafi na kuɗin da ya tsallako iyaka ne kawai. Dubu biyar ɗin da ɗan acaɓa ko mai yankan farce ya turo daga Legas ba ta cikinsa, alhali ita ke ɗora tukunya a gidajenmu.

Sai dai tarihi ya nuna wannan rijiya tana ƙafewa ba sallama. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da yawa suka dawo da 'yan ƙunshinsu. A 2022 Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanninta. A farkon 2023, da aka canza takardun Naira, kuɗi na cikin waya amma babu tsaba, mata suka kwana da yunwa da kuɗinsu.

Shi ya sa nake cewa rabin tarihin nan namu ne, mu mata. Namiji ya aiko, amma mace ce ke yanke hukuncin abin da kuɗin zai zama. Kakanninmu ba su cinye duka ba. Su kan sayi 'yar akuya, su zuba adashi, su saro gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli da mai. Ran da saƙo ya yanke, akuyar nan ita ke rufa asiri.

Don Allah 'yar uwa, in ya aiko, ki tuna da ranar Legas da ta dake shi kafin ya samu. A ci, a sha, a biya kuɗin makarantar yara, amma a ware ko yaya ne a juya. Anko da biki ba sa ƙarewa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, amin.