Daga allo da alli zuwa =A2*B2: tarihin ninka layi biyu a Excel

Idan ka taɓa buɗe Excel ko Google Sheets a wayarka, ka zuba adadin kaya a layin A, farashi a layin B, sannan ka rubuta =A2*B2 a layin C, to ka yi amfani da wata dabara da ta haura shekara 40. Yau bari mu ga inda ta samo asali, domin sanin hakan zai iya kare ka daga kuskuren da ke cinye wa mutane kuɗi.

Kafin kwamfuta ta shiga ofis, a babbar takarda mai layuka ake wannan aiki, da fensir da kalkuleta. Akawu zai ninka adadi da farashi, layi bayan layi, sannan ya tara jimla. Farashi ɗaya na canjawa, sai a goge a sake lissafa duk abin da ya dogara da shi.

Wannan wahalar ce ta ishi Dan Bricklin a 1978, yana ɗalibi a makarantar koyon kasuwanci ta Harvard a Amurka. Sai ya yi tunanin wani allo na lantarki wanda in ka canja lamba ɗaya, sauran su gyara kansu. Abokinsa Bob Frankston ya rubuta mafi yawan manhajar, suka sa mata suna VisiCalc. Ta fito kasuwa a 1979 a kan kwamfutar Apple II, farashinta wajen dala 100. Layukanta na tsaye 63 ne, na kwance 254. Mutane da yawa sun sayi kwamfutar kanta don kawai su samu wannan manhaja.

Ka lura, ninka lamba ba sabon abu ba ne, kalkuleta ma tana yi. Sabon abin shi ne, fomula ba ta riƙe lambar, adireshin gidan da lambar take ciki take riƙewa. In ka rubuta =40*2500, amsa ɗaya za ka samu har abada. In ka rubuta =A2*B2, duk ranar da farashi ya tashi ka gyara B2, amsa za ta bi shi da kanta.

Ita kuwa alamar tauraro ta girmi VisiCalc. Harshen rubuta manhaja na Fortran, wanda IBM ta fitar a 1957, ya yi amfani da ita saboda na'urorin shigar da rubutu na lokacin ba su da alamar sau irin ta makaranta. Shi ya sa har yau in ka sa harafin x a fomula, Excel ba ta ɗaukarsa a matsayin ninkawa.

Sai maganar kwafar fomula zuwa ƙasa. A VisiCalc, in kana so ka maimaita fomula a sauran layuka, manhajar sai ta tsayar da kai a kan kowane adireshi ta tambaye ka: wannan ya tsaya yadda yake, ko ya riƙa canjawa? Ka danna N ko R. Lotus 1-2-3, wadda ta fito a 1983 don kwamfutar IBM, ba ta wannan tambayar. A wurinta adireshi yana canjawa da kansa, sai fa in ka sa masa alamar dala. Excel, wadda Microsoft ta fitar a 1985 a kan Macintosh, sannan a kan Windows a 1987, ta bi wannan tsari. Google Sheets ma da ta zo a 2006 haka ta yi.

To a nan ne tarkon yake. An sauƙaƙa aiki, amma yanzu babu mai tambayarka. Misali, kana sayo kaya da dala, ka ajiye farashin canji a gida ɗaya, E1. Ka rubuta =B2*E1, ka ja zuwa ƙasa. Layi na gaba zai koma =B3*E2, kuma E2 babu komai a ciki, sai ka ga sifili. Wannan ma da sauƙi, ido zai kama. In kuwa akwai wata lamba a E2, amsa za ta fito tsaf kamar daidai, ka yi ciniki a kanta, sai ƙarshen wata ka rasa inda riba ta shige. Maganin shi ne =B2*$E$1.

Bricklin bai yi rajistar mallakar wannan dabara ba, kuma a 1985 kamfanin Lotus ya sayi kamfaninsu, VisiCalc ta kau daga kasuwa. Tambayarta dai tana nan, sai dai yanzu kai za ka yi wa kanka ita. Kafin ka ja fomula zuwa ƙasa, duba kowane adireshi: wanne zai tafi, wanne zai tsaya? Bayan ka ja, taɓa gidan ƙarshe ka karanta fomular da ke ciki. Minti ɗaya bai kai ba. Allah Ya sa albarka a nema.