Labarin Babbar Uwa, jirgin kogin Misisifi

Jama'a, yau za mu je nesa, ƙasar Amurka. Can akwai wani babban kogi, sunansa Misisifi. A kan wannan kogi aka yi wani jirgin ruwa mai suna Sprague. Amma ma'aikatan kogi ba su cika kiransa da wannan suna ba. Suna ce masa Babbar Uwa.

An ƙera shi a garin Dubuk a shekarar 1901, ya fara aiki a 1902. Tsawonsa ya kai mita 97. Ba jirgin ɗaukar fasinja ba ne. Aikinsa tura kaya. Ana loda gawayin ƙasa cikin manyan kwale-kwale marasa inji, a ɗaure su da juna tam, sai shi ya tsaya bayansu yana turawa.

Ina ya samo wannan ƙarfi? Daga wuta da ruwa. Kun san yadda marfin tukunya yake rawa in ruwa ya tafasa. To, haka ne. Cikin jirgin akwai manyan tukwanen ƙarfe. Masu hura wuta suna zuba gawayi dare da rana, ruwa ya tafasa, tururi ya tura inji. Inji kuma ya juya wata ƙatuwar ƙafa da ke bayan jirgin, mai tsawon kamar mita 12. Ita ce take dukan ruwa kamar filafili. In ya wuce, igiyar ruwan da yake tayarwa tana iya kifar da ƙaramin jirgi. Masu kamun kifi suna ganin hayaƙinsa sai su nufi gaɓa.

A shekarar 1907 ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Ya tura kwale-kwale 60 gaba ɗaya, ɗauke da gawayi tan 67,307. Ku lissafa. In babbar mota tana ɗaukar tan 30, sai an samo motoci fiye da 2,200 kafin a kwashe wannan kaya. Jirgi guda ya yi aikin.

A 1925 aka sayar da shi ga wani kamfanin man fetur. Shekara 2 bayan haka, a 1927, Misisifi ya cika ya batse, ya cinye gonaki da garuruwa. Mutane suka maƙale bisa tudu, ba abinci, ba hanya. Babbar Uwa ta ajiye aikin mai, ta riƙa kwasar dubban mutane cikin kwale-kwalenta tana kai su inda ruwa bai kai ba. A ganina, wannan ya fi turin gawayin can daraja.

Sannu a hankali jirage masu injin gas suka shigo. Ba su bukatar ma'aikata da yawa, kuɗin tafiyar da su kaɗan ne. A 1948 aka sallami Sprague daga aiki. Da an farfasa shi an sayar da ƙarfen, sai mutanen garin Biksbag suka karɓe shi a kan dala 1 kacal. Suka ɗaure shi bakin ruwa, ya zama gidan tarihi, ana kuma yin wasan kwaikwayo a cikinsa. Haka ya zauna shekara 26.

Ran 15 ga watan Afrilu 1974 gobara ta kama shi. Duk katakon da ke samansa ya ƙone, sai gangar jikin ƙarfe ta rage. Aka yi ta shawarar gyara, shekaru suna wucewa, ruwa da tsatsa suna nasu aiki. A 1979 gangar jikin ta karye, ta nutse. Daga baya aka ciccire ta guntu-guntu don kada ta tare wa jirage hanya. Wasu daga cikin ƙarafan, mutanen Biksbag suka ajiye su a cikin gari.