Idan kifi ya fara mutuwa a kwami: yadda ake gane ciwon da maganinsa

Mutuwar kifi farat ɗaya ita ce babbar fargabar mai kiwon tarwaɗa ko karfasa a kwamin siminti, haka ma mai ajiye kifin ado a akwatin gilashi. A yankunan Urafan, Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, inda Gulbin Kaba ke shafe mafi yawan shekara a bushe, kifin gida da ruwan rijiya ko na famfo yake rayuwa. Sau da yawa kuma, matsalar daga ruwan take farawa.

Abin da ake fara dubawa shi ne yadda mutuwar ta zo. Idan aka wayi gari kifi da yawa sun mutu dare ɗaya, manya da ƙanana, ruwa ne ya lalace ko guba ta shiga. Idan kuwa biyu suka mutu yau, biyar gobe, adadin na ƙaruwa, to cuta ce ke yaɗuwa.

A zafin Afrilu da Mayu iskar oksijin takan ragu a ruwa: lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7 kawai a digiri 35. Alamar ita ce karfasa ta taru a saman ruwa da asuba tana haki. Tarwaɗa takan ruɗi mai kiwo, domin ita dama tana leƙowa ta shaƙi iska ko lafiyarta ƙalau. Ragowar abinci da kashin kifi kuma suna haifar da sinadarin amoniya mai ƙona mashaƙar kifi, kuma dafinsa na ƙaruwa da zafi. A nan ba a buƙatar magani. A dakatar da abinci kwana biyu, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a riƙa motsa shi. Ruwan famfo sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin a zuba, don sinadarin kulorin ya fice.

Cutar da ta fi yawa ita ce ta fararen ɗigo, kamar an barbaɗa wa kifin gishiri, yana ta goga jikinsa a bango. Wata ƙwaya ce mai suna Ichthyophthirius ke haddasa ta. Muddin tana cikin fatar kifi magani ba ya isa gare ta, sai ta faɗo ta hayayyafa, 'ya'yanta sun bazu cikin ruwa. Shi ya sa masu daina magani da zarar ɗigon ya ɓace suke ganin ciwon ya dawo. Ana zuba gishirin girki giram 1 zuwa 3 a kowace lita, wato kilo 1 zuwa 3 a kwami mai lita 1000, a narkar da shi tukuna, a ci gaba har kwana 10 zuwa 14.

Lokacin hunturu karfasa takan rage cin abinci idan sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, sai wani abu kamar auduga ya fito a kan raunukanta. Rufe kwamin da dare yana taimakawa.

Jan gyambo da kumburin ciki kuwa galibi aikin ƙwayar Aeromonas ne. Wannan sai likitan dabbobi, domin zuba ƙwayoyin kasuwa barkatai yana kashe ƙwayoyin da ke tsabtace ruwa, ragowar maganin kuma ta bi naman kifin zuwa tukunya. Akwai ma wadda ba ta da magani: cutar bairos ta karfasa da aka gano a 2014, wadda hukumar FAO ta yi gargaɗi a kanta a 2017.

Kifin da ya mutu a cire shi nan take a binne, kada a jefa wa sauran. Sabon kifi kuma, ko daga wa aka saye shi, a ware shi a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu, da komarsa da bokitinsa daban.