Dardumar Turkmen

Dardumar Turkmen saƙar hannu ce ta ƙabilun makiyaya da ke Turkmenistan da arewa maso gabashin Iran da arewacin Afghanistan. Mata ne ke saƙa ta da gashin tumaki, ƙulli bayan ƙulli, a kan masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa, wadda ake naɗewa idan tashi ya zo. Ja ne launin da ya rinjaya, kuma daga saiwar wani tsiro ake samo rininsa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tambarin da ake kira gul, wanda galibi kusurwa takwas gare shi, ana jera shi layi-layi a tsakiyar darduma. Kowace ƙabila da nata: Tekke, Yomut, Salor, Sarik, Ersari. Masani na duban tambarin sai ya faɗi inda aka saƙa ta. Wannan ado ya kai matsayin da har tutar Turkmenistan ke ɗauke da guda biyar daga cikinsa. Ba shimfiɗa kaɗai ake saƙawa ba. Akwai labulen ƙofar tanti, da jakunkunan kaya, da adon raƙumin da ke ɗaukar amarya, kuma a nan ne gwanintar masaƙiya ta fi fitowa fili.

Fatake sun daɗe suna kiranta dardumar Bukhara, don a kasuwar birnin ake sayar da ita, alhali ba a can ake saƙa yawancinta ba. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja waɗanda aka yi kafin rinin kanti ya shigo a ƙarshen ƙarni na 19. A 2019 UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya.